Yadda Za Ka Zagaya Landan da Surukinka Alhali Kai Ma Ba Ka San Ta Ba

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan ka shekara tara a Landan amma iyakar saninka da ita daga ƙofar flat ɗinka a Thamesmead zuwa ofis a Stratford ne, sai kasuwar Deptford ranar Asabar sayen doya da manja, wannan takarda taka ce. Idan kuma duk shekarun nan kana gaya wa mutanen gida a waya cewa agogon Big Ben ne yake tashinka da asuba, to taka ce har da tukwici. Ni Uwaisu na ɗaukar maka alƙawari: ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ka zagaya da surukinka manyan wuraren garin nan tun hantsi har la'asar, ka dawo da shi gida yana sa maka albarka. A kaina na gwada. Ga ni da raina, aurena ma yana nan daram.

Mataki na 1: Ka shuka ƙaryarka da wuri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙaryar da za ta ɗauki suruki ba a yin ta ranar da ya sauka, tun wajen neman aure ake dasa ta, a riƙa ba ta ruwa. Ni ranar da na je gaisuwa gidan su Badariyya a Funtuwa, kawunnanta suka tambaye ni yaya Landan, na sunkuyar da kai na ce ai babu lungu da saƙon da ban taka ba. Aka yi ta masha Allah. Daga nan duk wanda ya kira sai na ƙara mata taki: yau na wuce ta ƙofar fada, jiya iska ta kusa ɗauke mini hula a kan gada.

Gaskiyar magana ban taɓa zuwa ba. Bas zuwa Woolwich, jirgi zuwa Stratford, fassarar takardu har yamma, in dawo in zube kamar buhu. Kullum cewa nake Asabar mai zuwa, Asabar ɗin ta zo kuma doya ta kira ni. Kada wannan ya dame ka. Masana sun tabbatar cewa kallon gari aikin baƙo ne, ɗan gari saninsa a jini yake. Masanan ni ne.

Matarka kam ta san komai, babu yadda za ka yi da ita. Duk lokacin da Badariyya ta ji ina zuba a waya sai ta leƙo daga kicin ta ce in ci gaba, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Mataki na 2: Ka gwada gudu, ko da ka san ba zai yi ba

Ranar wankan ta zo cikin watan Mayu. Surukina ya sauka don a duba masa ido. Ba zan kama sunansa ba, ni ɗan mutunci ne, amma idan ka je Funtuwa ka tambayi gidan Alhaji Zuberu na gidan waya, kowa zai nuna maka. Sati biyu muna zaryar asibiti, likitoci suka gyara idon nan tas, har yana karanta lambar bas tun daga nesa. Na yi masa barka da baki, a zuciya kuwa na ce ai da sun bar masa ɗan hazo saboda ni.

Ranar Laraba ya ce gobe yana so ya ga gari, tunda jibi Juma'a zai tashi. Badariyya nas ce, tana da aiki ranar. Ta ce, “Ai ga ɗan gari nan, Baba,” ta kalle ni tana cizon leɓe don kada dariya ta kufce mata.

To, ka fito da uzurorinka a jere. Ka ce an yi hasashen ruwa. Zai nuna maka lemarsa. Ka ce an yi cancel ɗin jirage. Matarka za ta duba waya ta ce lafiyarsu ƙalau. Ka ce sai an yi booking tun wata guda kafin a kalli agogon. Za ta tambaye ka ko rufe shi ake yi da zane. Idan duk sun ƙare, ka miƙa wuya, amma ka tabbatar 'yarka ta tafi makaranta. Rumaisa tawa shekararta bakwai, ajinsu ya je wuraren nan duka, kuma yarinya ce da ba ta iya ganin ƙarya ta wuce ba ta tare ta da Turanci ba.

Ka kuma kira abokin aiki a ɓoye ka haddace abu ɗaya rak. Ni abokin aikina Jabir ya ce mini, “Ka sauka a Westminster, sauran kuma Allah yana nan.”

Mataki na 3: Kada ka ba shi wayarka

Wannan shi ne mafi girman matakan, shi ya sa na karya shi tun ba mu bar Thamesmead ba. Muna zama a bas Baba ya ce tasa wayar 'yar ƙarama ce, ba ta ɗaukar hoto, in ba shi tawa. Na miƙa da hannu biyu. Ya ɗauki hoton wata bishiya ta taga, ya yaba, ya zura wayar a aljihun rigarsa ya sa maɓalli. Taswirata ke nan ta shige aljihun suruki. Kai kuma ka sani, abin da suruki ya karɓa ba a ce masa miƙo.

Sai ya sa hannu a ɗaya aljihun ya ciro wani tsohon hoto da har ya yi ja. Wani saurayi ne da kwat da ƙatuwar suma, gefensa wata yarinya da gyale tana ta dariya, tattabara ɗaya a kanta, biyu a hannunta. Bayansu ƙafar wani baƙin zaki ce, ƙatuwa, a kwance. Shi ne da Hajiya Hindu, mahaifiyar Badariyya, wadda ta rasu bara waccan.

Ya ce a 1978 aka turo shi kwas na wata shida, ya taho da ita suna amarci. Ranar da aka ɗauki hoton ta sayi abincin tsuntsaye a ɗan gwangwani, ta duba ta ce wannan ai ba abinci ba ne, bayin Allah ba su taɓa ɗanɗana gero ba, in Allah ya sake kawo ta sai ta taho musu da na gida. Allah bai sake kawo ta ba. Ya nuna mini ƙulli a hankici, gero ne, bai fi tafi biyu ba.

“Sunan wurin ya ɓace mini, Malam Uwaisu, tsufa ya cinye shi. Ban nuna wa mutuniyar taka ba, kuka za ta yi mini. Amma kai ɗan gari ne. Ka gane wurin, ko?”

Nan ake gane gwani. Ka kalli hoton, ka gyaɗa kai sau uku, ka ce, “Haba Baba, nan ai wurin shan iskata ne.” Haka na ce. Alhali yau kaɗai gare shi, kuma ni ban san ko a Landan akwai zaki ba.

Mataki na 4: Ka koma baya

Ga sirrin da ya kamata a ba ni lambar yabo a kansa. Ɗan jagora gaba yake shiga, kowa ya san wannan. Amma a garinmu wa ya taɓa ganin mijin 'ya ya shiga gaban surukinsa? To, kunyar nan da iyayenmu suka bar mana ba a banza suka bar ta ba. Ka rataya jaka, ka riƙe lema, ka ja baya taku uku, ka sunkuyar da kai. Idan ya ce ka wuce gaba, ka ce, “Wane ni, Baba.” Idan ya matsa, ka ƙara ja baya taku ɗaya.

Daga nan aikinka ya ƙare. Ya yi dama, ka yi dama, kana cewa, “Yauwa, nan ne.” Ya yi hagu, ka ce, “Dama nan nake shirin cewa.” Idan kuka ɓata, shi ya ɓatar da ku, kai ladabi kawai ka yi. Da wannan dabara na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na sauka a Westminster ban nuna hanya ko sau ɗaya ba, har wata tsohuwar Baturiya ta ce da Baba ya yi dacen ɗa.

Mataki na 5: Ka rufe bakinka idan ka ga agogon

Ba wanda ya gaya mini cewa yana bakin ƙofar tashar. Muna hawowa matakala na ɗaga kai, sai ga shi a kaina, dogo, yana walƙiya, fuskarsa ta fi ɗakin kwananmu faɗi. Ban san lokacin da na ce “Subhanallahi” ba, lema ta faɗi daga hannuna. Baba ya waiwayo. Na ce fentin da aka sake masa ne ya ba ni mamaki, makon jiya ba haka yake ba.

Daga nan ka saki baki, don shiru shi ke tona asiri. Duk abin da ya nuna, ka ba shi tarihi nan take. Ya nuna wata ƙatuwar taya mai juyawa a hayin kogi, ya ce wannan kam babu ita a zamaninsu, mece ce? Na ce jigo ne na zamani, da shi ake ɗebo wa gari ruwa. Ya ce to mutanen da ke cikin kwalaben nan fa? Na ce ma'aikatan ruwa ne. Ya ce amma suna ɗaga hannu suna ɗaukar hoto. Na ce Turawa suna son aikinsu.

Muna cikin haka na hango zaki a ɗaya bakin gadar. Wallahi sai da na kusa rawa. Na ce mu haye, Baba, mun iso. Muka ratsa jama'a, da masu sayar da gyaɗa mai suga, da wani mai busa wata jaka mai kuka, muka tsaya a gindinsa. Fari ne fat, kuma a tsaye yake. Baba ya ciro hoto, ya kalli hoto, ya kalli zaki. Ya ce nasu baƙi ne. Na ce an wanke shi ne. Ya ce nasu a kwance yake.

Na ce, “Shekara arba'in da wani abu fa, Baba.”

Ya ce, “Ikon Allah. Har ya miƙe.”

Ya mayar da hoton aljihu a hankali, ya dafa ƙullin geron, ya juya ya sake hawa gadar. Na bi shi taku uku a baya, kuma a karon farko ranar nan kunyar da nake ji ba ta dabara ba ce.

Mataki na 6: Idan ka yi kuskure, ka ɗora wa gwamnati

Da muka dawo wannan hayin, sai ga wani ƙaton gini mai hasumiya biyu, jama'a sun yi layi. Na gyara murya na ce ga fadar Sarkin Ingila. Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce ikon Allah, a da coci ce. Kada ka girgiza. Ka ce an canza. Ka ce council, wato ƙaramar hukuma, ita ta yi musaya. A ƙasar nan babu abin da za ka ɗora wa council mutum ya musa maka.

Mataki na 7: Yunwa da alƙibla

Baba ya miƙe wata hanya har muka shiga wani lambu mai tafki, da agwagi, da wasu manyan fararen tsuntsaye masu jaka a maƙogwaro. Na ce da shi waɗannan 'yan fansho ne na fada. Ya zauna a benci ya buɗe burodi da dambun naman da Badariyya ta ɗaure mana, ya ce bismillah. Ka tuna dai, ba a cin abinci gaban suruki. Ka ce ka ƙoshi, ko da cikinka yana kiran ciroma har agwagi na waiwaye. Bayan ya ci, ka ce za ka kai leda shara, ka laɓe bayan bishiya ka cusa ragowar a baki. Ka yi sauri, don kuregen lambun nan ba su da tarbiyya. Ɗaya ya hau mini ƙafar wando har gwiwa, ni kuma ba halin ihu.

Da azahar ta yi ya tambaye ni gabas. Na nuna da cikakken ƙarfin hali. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi inuwar bishiya, ya shimfiɗa sallayarsa ta fuskanci wani wajen dabam. Na tsaya a damansa na tayar da iƙama kamar dama can na nuna.

Mataki na 8: A ƙofar fada, ka ce mai gidan ba ya nan

Daga lambun muka ɓulla gaban fadar ta gaskiya. Ba sai an gaya maka ba: ga baƙin shinge mai kan zinariya, ga jama'a kamar ana rabon taki, ga sojoji can ciki da jajayen riguna da dogayen hulunan gashi, sun ƙame ba sa ko ƙifta ido. Baba bai tambaye ni ina labarin waccan fadar ta council ba. Na ce wannan ta rani ce.

Ya ce bai kamata baƙo ya shigo gari ya fita bai gai da mai gari ba. Ka shirya wa wannan. Ka dubi tuta, ka dubi agogon hannunka, ka girgiza kai ka ce an yi rashin sa'a, ya fita ta'aziyya. Baba ya ce Allah ya jiƙan rai, na ce amin.

Wani haɗari kuma: idan kana nune-nune da hannu, baƙi za su zaci ka san gari. Wasu mata da miji da 'ya'ya uku suka tare ni suna tambayar hanyar gidan tarihin da ake ajiye kambin sarauta, inda hankaki ke gadi. Baba yana kallo. Na nuna musu wajen da na nuna wa Baba gabas, na ce su miƙe kada su tsaya. Har yau ina sa su a addu'a.

Zakuna kuwa, sai da na fara nemansu na gane garin nan zaki ya kusa fin mutane yawa. A kan ƙofa zaki, a jikin fitila zaki, a gindin gunkin da ke gaban fada zaki. Kowanne na gani sai in saci kallon Baba, shi kuma ko ɗaga kai ba ya yi. Ya zauna a matakala yana murza gwiwa. Rana ta karkata. Na tsaya a bayansa da lema da jaka, na ji tausayinsa ya kama ni, na ji haushin kaina. Tsoho ya ɗauko alƙawarin matarsa tun daga Funtuwa, ya damƙa shi a hannun maƙaryaci, gobe war haka yana cikin jirgi. Sau biyu na buɗe baki in gaya masa gaskiya, sau biyu na rufe.

Mataki na 9: Idan tsoho ya ƙara sauri, ka bi shi

Ya miƙe, ya kama wata doguwar jar hanya mai bishiyoyi dama da hagu. Mutumin da tun safe yake jan ƙafa, sai ga shi ina haki kafin in riƙe taku ukun nan nawa. Muka wuce wata ƙatuwar ƙofar dutse, muka tsallaka titi, sai fili ya buɗe. Ga ruwa yana feshi sama, ga wani ginshiƙi har wuya ya gaji da kallonsa, da mutum-mutumi a ƙololuwa. A gindinsa zakuna huɗu, baƙaƙe, a kwance.

Kada ka manta da aikinka. Ka ce, “To Baba, ga shi. Da gangan na ajiye maka shi ƙarshe.” Na faɗa, amma bai ji ni ba. Ya zagaya zakunan ɗaya bayan ɗaya da hoto a hannu har ya sami nasu, ya dafa dutsen da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ce a da ba ka iya taka ƙasa a nan saboda tattabaru. Yanzu ba su fi goma sha biyu ba, suna yawo kamar marayu. Ya tsuguna ya fara kwance hankici.

Sai ga mai gadin filin, wani dogon baƙar fata da jar riga. Cikin ladabi ya ce da Baba an hana ciyar da tsuntsaye a nan shekaru da yawa, ga allo can. Ina shirin fassarawa sai na ji Baba ya amsa da wani Turanci mai tsabta wanda ni mai aikin fassara ban taɓa yin irinsa ba. Ya ba da haƙuri, ya ce bai sani ba. Ya fara mayar da ƙullin, yana haɗa bakin hankicin.

Mataki na 10: Ka shiga gaba, ka tona wa kanka asiri

Wannan matakin ba na ba da shawarar a yi shi sai an rasa yadda za a yi. Na ajiye lema da jaka, na wuce ta gaban surukina, abin da ban taɓa yi ba tunda na auri 'yarsa, na zagaya ta ɗaya gefen mai gadin yadda in zai kalle ni dole ya juya wa Baba baya. Na laluba kaina in samo ƙaryar da za ta riƙe shi minti biyar. Wallahi babu, duk na ƙarar da su a hanya. Abin da ya rage mini gaskiya ce kawai, kuma dole in ɗaga murya saboda ƙarar ruwan.

Na ce da shi da Turanci, Baba yana ji: shekarata tara a garin nan, yau ne na fara taka wurin nan. Ban san sunansa ba. Ban san wane ne a saman can ba. Tun safe nake yi wa tsohon nan ƙarya, coci ma na ce masa fada ce. Don Allah ya yi mini bayani tun daga farko, kada ya tsallake komai.

Mutumin ya dube ni sama da ƙasa, ya gyara tsayuwa, ya fara. Ya ce nan ne Trafalgar Square. Na saman can kwamandan jiragen ruwa ne, Nelson, mai hannu ɗaya, a yaƙin teku ya mutu. Ya shiga tsawon ginshiƙin, ya shiga yadda aka ƙera zakunan da tagulla, ni kuma ina ta jefa masa tambaya kamar ɗan aji ɗaya.

Ta saman kafaɗarsa na ji fukafukai. Goma sha biyun nan ban san inda suka kira 'yan'uwansu ba. Baba yana tsugune, gero yana zuba ta tsakanin yatsunsa, yana magana ƙasa-ƙasa, ba da tsuntsayen ba. Ɗaya ta tashi ta sauka a kan hularsa ta yi zamanta. Sai na ga kafaɗunsa suna girgiza, dariya yake yi, hawaye yana bin idon nan da aka gyara masa.

Mai gadin ya kai ƙarshen labarin zaki na huɗu. Bai waiwaya ba. Ya sassauta murya ya ce da Hausa, Hausa sak irin ta Kafanchan, “Baba ya gama? Wuyana ya gaji fa.”

Sai a lokacin na karanta sunan da ke ƙirjinsa, Godwin. Na ce ya gama. Ya ce shi dai bai ga komai ba, tarihi yake koyarwa. Ya juya ya rusuna ya gai da Baba, ya wuce abinsa.

Mataki na 11: A hanyar gida, ka yi shiru

A bas ɗin komawa Baba ya ɓalle aljihu ya miƙo mini wayata. Hoton bishiyar nan kaɗai ya ɗauka da ita. Na kasa ɗaga kai. Ya ce tun da lema ta faɗi daga hannuna a gaban agogo ya gane. Sunan wurin da gaske ya manta, amma ƙafa ba ta mantuwa. Hanyar da muka bi, lambun da fadar da jar hanyar, ita suka bi da Hajiya ranar.

“Da na bar maka wayar, da ka kai ni cikin minti ashirin, da ban sake bin hanyar ba. Ka yafe mini.”

Kai ji fa, wai shi ke neman gafarata. Na ce Baba ni ne da neman gafara. Ya ce jigon nan dai ya burge shi, sai ya ba mutanen masallaci labari.

Muna shiga gida Badariyya ta tare mu da murmushin mugunta, ta ce to Baba, yaya ɗan gari, ya san hanya kuwa? Na jingina da bango ina jiran wanka. Baba ya zauna, ya cire hula, ya ciro hoton da hankicin da babu komai a cikinsa ya ɗora mata a tafin hannu.

“Ya kai ni,” ya ce. “Na sauke wa mahaifiyarki alƙawarinta.”

Ta dubi hoton, ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Daga ranar ba ta sake yi mini zancen cibiya ba.

Babu ruwana

Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya jiyo. Idan naka surukin ba mai rufin asiri ba ne, ko naka mai gadin ba ɗan Kafanchan ba ne, kada ka neme ni. Ba ni na aike ka ka ce coci fada ce ba, ban san inda iyalin nan masu 'ya'ya uku suka kwana ba, kuma kurege in ya cije ka tsakaninku ne. Ciyar da tattabaru a filin nan haramun ne a dokar gari, ni ma ina goyon bayan dokar da dukkan ƙarfina. Ƙullin geron da Baba yake aiko mini da shi ta hannun duk mai tahowa daga Funtuwa kuwa, na kunu ne, kowa ya shaida. Idan kuma wata Asabar ka je ka tarar da wani mutum tsaye a gindin ɗaya daga zakunan, yana yi wa 'yarsa bayani da Hausa tana gyara masa da Turanci, hannunsa a aljihu, aljihun kuma da ɗan huji a ƙasa, to ni ban san shi ba.